Ƙwaryar da Muka Haɗa wa Kaka

Ina aji shida aka kawo mana Kaka a jirgin ruwan Baba, a shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce yanzu mu 'yan Kebbi ne. Na riƙe shekarar ne saboda masu fenti suna ta goge allunan ofisoshin Yelwa suna sake rubutu, mu kuwa a gida ba wanda ya damu da sunan jiha. Kaka, mahaifiyar Innata, ta faɗi a bakin murhu a ƙauyensu da ke wajen Shanga, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Maza biyu suka ɗauko ta a tabarma daga bakin ruwa har gidanmu. Da aka kwantar da ita ta dubi ɗakin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta juya fuska bango.

Sana'ar Inna bandar kifi ce. Banda biyu gare ta a tsakar gida, na laka, da raga a bisa, kullum tarwaɗa da ƙarfasa suna kai suna shan hayaƙi. Da wannan muke ci, da shi aka saya mini littafi da takalmi. Amma ni na tsani sana'ar nan, ba zan ɓoye ba. A makaranta akwai 'yan matan da in na zauna sai su matsa, su toshe hanci, wata ta ce, "Tarwaɗa ta iso." Sau uku ina dambe a kan wannan magana, sau uku ana zane ni. Kullum da safe sai na cuɗa jikina da sabulu har fata ta yi zafi, kayan makarantata kuwa a gidan ƙawata nake ajiye su don kada su kwashi ƙarni.

Malamin asibitin da Baba ya kira ya duba Kaka, ya ba da ƙwayoyi, ya ce abu biyu: a nisanta ta da hayaƙi, kuma lallai ta ci abinci, ko da kunu ne. A ranar Inna ta kashe wutar banda, ta kwashe aikinta zuwa gidan wata maƙwabciya a ƙarshen lungu. Muka shafe ɗakin Kaka da farar ƙasa, muka wanke komai, aka sayo sabuwar tabarma. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Kakata tana kwance rai a hannun Allah, ni ina murna gidanmu ya daina wari.

Sai dai Kaka ta ƙi ci. Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, farfesu, fura mai ruwa-ruwa, babu wanda Inna ba ta gwada ba. Da ludayi ya nufo bakinta sai ta datse leɓe. Ruwa kawai take yarda a ɗiga mata, shi ma sai da roƙo. Maganarta ta zama guntu-guntu, rabi Hausa rabi Gunganci, yarensu na asali, wanda ni ban iya ba, Inna ma ba ta riƙe duka ba. Abin da muka iya tsinta shi ne, wannan ba ɗakinta ba ne, a mai da ita gida, a gida za ta ci.

Na ce wa Inna, "To a mai da ita mana. Ba ga jirgin Baba ba?"

Inna ba ta kiran sunana, don ni ce ta fari. Ta ce, "Ke, ba ƙauye take nufi ba. Gungu take nufi."

Ranar na san abin da ban taɓa tambaya ba. A tsibiri aka haifi Inna, a tsakiyar kogi, wurin da muke kira gungu. Tana da shekara takwas aka tare ruwa a Kainji, ruwa ya taso ya shafe gungun da gonakin albasa da kaburbura, aka kwashe su zuwa gidajen siminti a tudu. Kaka ta zauna a can fiye da shekara ashirin ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Yanzu da ciwo ya taɓa kanta, shekarun nan duk sun goge, ita a ganinta an ɗauko ta ne daga gungu an kawo ta gidan baƙi. Gidan da take so a mai da ita yana ƙarƙashin tafki, Baba yana wucewa ta kansa duk ranar kasuwar Wara.

Kwana huɗu tana haka. Idonta ya faɗa, fatar wuyanta ta saki. Da rana in ta ga ba kowa sai ta riƙa jan jiki da hannun hagu tana neman ƙofa. Inna ta rame fiye da mai ciwon, tana zaune gefen gado da ƙoƙon kunu har ya huce, ta je ta ɗumama, ta dawo, ya sake hucewa.

A rana ta biyar ne Inna ta tuna da ƙwaryar. Muna wanke-wanke ta tsaya cak da kwano a hannu. Ta ce a gungu akwai wata ƙwarya da Kaka take ajewa a ƙarƙashin gado, cike da busassun saiwoyi da ganye da ɓawo. Ba turaren wuta ba ne, ba a ƙona shi, haka nan yake zaune yana ba da ƙamshi, kayan sawa su ɗauka, tabarma ta ɗauka. Ko da idonka a rufe aka shigar da kai ɗakin ka san na Kaka ne. Tun da aka tashe su ba ta sake haɗa shi ba.

Inna ta ce, "In hancinta ya ji shi, wataƙila ta yarda ta iso gida."

"Kin san abin da ake sawa?"

"Na san ƙamshin. Haɗin ne ban sani ba, ina ƙarama."

Muka shiga wajen Kaka. Inna ta durƙusa ta ce, "Iya, ƙwaryarki ta ƙarƙashin gado, mi da mi kike sawa?" Ba mu zaci za ta amsa ba, sai ga shi ta juyo. Karon farko ke nan da na ga haske a idonta tun zuwanta. Na ruga na ɗauko littafina na makaranta da fensir, don a gidan ni kaɗai na iya boko, kuma ina ji da wannan sosai. Kaka ta fara lissafawa da karkataccen bakinta, kalma ɗaya sai ta huta. Kajiji. Jema. Ɗoɗɗoya. Ɓawon lemo. Furen bagaruwa. Kanumfari. A nan Inna ta ji ƙaurin kunu a murhu, ta fita da gudu. Ni kaɗai na rage.

Kaka ta kama hannuna da na hagunta, ta yi ta kokawa da harshe, sannan ta fitar da kalma biyu, da numfashi a tsakaninsu. Na ji su, na gyaɗa kai, na rubuta a ƙasan jerin da manyan baƙaƙe: BAN DA KIFI. Har na ja layi a ƙarƙashi. A raina na ce, ashe Kaka ma irina ce, ita ma ba ta son ƙarni. Na faɗa wa Inna da ta dawo, cewa Kaka ta ce kada kifi ya kusanci haɗin. Inna ta ce to, ai dama malamin asibiti ya faɗa.

Washegari da sassafe Baba ya ɗauke mu a jirgi zuwa wata fadama da ya sani. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya yi ja. A hanya muka ratsa wani wuri da kawunan matattun itatuwa suka leƙo daga ruwa, Baba ya rage wutar inji yana kauce musu. Inna ta nuna wani fili na ruwa da ba komai a kansa ta ce, "Nan ne." Na duba ban ga ko ciyawa ba.

Kajiji a cikin laka yake, sai an shiga. Muka ɗaure zane a gwiwa muka nutsa har cinya, muna tumɓukowa muna tsinke 'ya'yan saiwar, baƙaƙe kamar aya. Matsattsaku biyu suka kama ni a ƙafa, na yi ihu, Inna ta cire su ba ta ko dube ni ba. Jema kuwa saiwarsa ta yi nisa, da fartanya muka haƙa, hannun Inna ya tsage da kaifin ganyen. Duk wanda ta ciro sai ta wanke ta kai hanci, ta rufe ido, ta ce, "Shi ne." Ɗoɗɗoya muka tsinka a bayan wani gida, furen bagaruwa na hau na kaɗo, ƙaya ta yage mini riga. Kanumfari da lemun tsami muka saya a kasuwa da muka dawo. Ban taɓa yin wuni guda da Inna kamar wannan ba, mu biyu muna abu ɗaya, ba ta aike ni ba, ban yi mata gunaguni ba.

Muka zauna a tsakar gida muka fere lemo siri-siri, muka daddatsa jema, muka ɗan farfasa kajiji a turmi don ƙamshin ya fito. Muka baza a faifai guda huɗu. Sai rana ta ƙi mu. Da hantsi ta leƙo, kafin azahar hadari ya haɗu, mu kwashe mu ruga ɗaki, ya tsaya mu fito da su, ya dawo. Kwana biyu muna wannan tsere. A na uku na ɗaga ɓawon lemo na ga ya yi fumfuna, furen bagaruwa ya yi baƙi ya dame. A ɗaki kuma Kaka ta daina ma jan jiki zuwa ƙofa, ƙarfin ya ƙare.

Inna ta tsaya a kan faifayan ta daɗe. Sannan ta ce, "Ke, kwashe mu tahi da su wajen banda. In munka ɗora a gefen raga, kafin la'asar sun bushe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "A kan banda? Inna, a kan kifi? Ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Amma lokaci na tahiya, ba ta ci komai ba."

"In ya kwashi ƙarni fa? Duk wahalar nan ta tashi a banza ke nan. Ni na ji da kunnena, ga shi a rubuce."

Na ɗauko littafin na buɗe na kai mata har gaban fuska, ina buga yatsa a kan layin. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ina ɗaga wa uwata murya da takarda. Inna ta dubi rubutun da ba ta iya karantawa ba, ta dube ni. Na ga tana so ta yi gardama, na ga kuma ta ji tsoron takardar. Ta ce, "To. Ke kika ji." Wannan kalma tata har yau tana cina.

Muka zubar da abin da ya lalace, muka sake fere lemo, na sake hawa bagaruwa. Na ce a sayo sabuwar tukunya wadda ba ta taɓa ganin kifi ba, aka sayo. Muka hura gawayi don ba ya hayaƙi, muka riƙa juya haɗin a tukunyar kaɗan-kaɗan da hannu, wuta ƙasa-ƙasa don kada ya ƙone. Ɗoɗɗoya kuwa na shimfiɗa ta tsakanin ƙyalle biyu na bi ta da dutsen guga. Na kafa doka a gidan, wai ni: duk wanda ya fito daga wajen banda ba ya taɓa ƙwarya, ba ya shiga ɗakin Kaka, sai ya yi wanka da sabulu ya canza kaya. Inna da kanta ta bi dokar. Sai ta dawo daga juya kifi a gajiye, ta ji uwarta tana nishi, amma ta tsaya ta yi wanka tukuna.

Kwana biyu ya ɗauke mu. Da muka gama muka zuba a ƙwarya, muka bar ragowa a tukunyar, muka sa kanumfari, muka gauraya. Wallahi ya yi ƙamshi, mai sanyi, kamar ƙasa bayan ruwan farko da ɗan yajin lemo. Inna ta shaƙa ta ce, "Ya yi kusa." Na ce kusa kamar yaya? Ta ce ba ta sani ba, kamar akwai abin da ya rage, amma wataƙila hancinta ne ya tsufa.

Muka kai wa Kaka, ni da ƙwarya, Inna da kunu. Na kai ƙwaryar kusa da fuskarta. Hancinta ya motsa. Ta buɗe ido, ta ja numfashi sau ɗaya, sau biyu. Sai na ga hasken ya mutu. Ta sa hannun hagu ta ture ƙwaryar, ta yi wata magana can ƙasa wadda ni kaɗai na ji don ni ce a kusa. Kalmar nan ce dai ta farko cikin biyun da ta faɗa mini ranar nan, ita kaɗai.

Na fito ina kuka na ce wa Inna har yanzu tana jin ƙarni. Na ce laifin ƙwaryar ce, tsohuwa ce, wa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki, a yar da ita. Aka sayo sabuwa. Na wanke bangon ɗakin, na wanke ƙafafun gado, na fitar da bargon Kaka na shanya. Na ƙara kanumfari. Har na je na roƙo turaren kwalba wajen ƙawata na yayyafa a kai. Da na kai mata wannan karon atishawa ta yi, mai rauni, ta juya bango ba ta ko ture ba.

Malamin asibiti ya dawo ya yi mata ƙarin ruwa, da ƙyar ya sami jijiya. Ya ja Baba gefe, amma na ji. Ya ce ruwan nan ba abinci ba ne, in ba ta ci ba a yi haƙuri kawai. Inna ta daina kuka a ɓoye, a gabana take yi tana tankaɗe. Na daina zuwa makaranta, ba wanda ya ce mini don me. Ina zama da ƙwaryar a cinya ina shaƙa ina duba littafin, ina ƙirga abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Shida ne, duka shida mun sa. Na rasa inda muka kuskure, har na fara jin haushin Kaka, ina cewa a raina tsohuwar nan so take ta kashe mini uwa.

Kwana tara da yin rubutun, da hantsi, Inna ta ce ba za ta iya barin ɗakin ba, numfashin Kaka ya canza. Akwai tarwaɗa a kan banda a gidan maƙwabciya tun jiya, in ba a juya ba za su ƙone. Ta ce in je. Na tafi ina ƙunƙuni. Na daɗe a wurin, ina ƙara itace, ina juya kifi ɗaya-ɗaya, hayaƙi yana shiga idona da gashina, man kifi yana ɗiga a zanena. Ina cikin haka maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Yi maza, innarki na kira, tsohuwa ta faɗo daga gado."

Na ruga. Ban tuna da wanka ba, ban tuna da dokata ba. Na tarar da Kaka a ƙasa, kanta wajen ƙofa, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta ture ƙwaryar, haɗin ya watse a tabarma. Inna tana ƙoƙarin ɗaga ta ita kaɗai. Na tattara abin da ya zube da sauri na zuba a haɓar zanena don kada mu taka, sannan na kama kafaɗun Kaka muka mai da ita gado. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na sunkuya ina gyara mata kai, sai na ji an riƙe ni.

Hannunta na hagu ne ya damƙe zanen, daidai inda na ƙulle haɗin. Na yi ƙoƙarin janyewa, kunya ta kama ni, na tuna irin warin da nake yi. Ba ta saki ba. Ta jawo zanen har kan fuskarta, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta mai lafiya. Sannan ta faɗi kalmar, wannan karon a fili, Inna tana tsaye tana ji.

"Banda."

Inna ta sandare. Ta juyo a hankali ta ce, "Ke. Ranar nan, mi ta ce miki?"

Na ce, "Ban da kifi."

"Ba yadda kika rubuta ba. Yadda ta faɗa."

Na tuna numfashin da ta ja tsakanin kalmomin biyu. Banda. Kifi. Ba cewa ta yi a raba shi da kifi ba. Gaya mini ta yi inda ake busar da shi. A gungu, cikin damina, ina mace za ta sami rana? A kan banda take ɗorawa, a gefen kifi, hayaƙi ya ratsa shi. Inna ba ta gane abin da ya rage ba don a cikin hayaƙin nan aka haife ta, ba ta taɓa ɗaukar sa a matsayin ƙamshi ba. Ni kuwa bakin Kaka ya karkace, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Abin da nake so in ji na ji.

Na jira mari. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Inna ta ce kawai, "Ɗauko itace."

Ba ta je gidan maƙwabciya ba. Bandarta ta tsakar gida ta hura, wadda ta yi sati biyu a mace, tana hura wutar da baki har tana tari. Na rugo da tarwaɗa huɗu daga can muka ɗora. Ta juye ƙwaryar ta zubar da wanda na yayyafa wa turare, ta ɗauko ragowar haɗin farko da muka ajiye a tukunya, ta baza a faifai a gefen raga. Sannan ta je ta buɗe ƙofar ɗakin Kaka, ta yaye labule, ta buɗe taga. Hayaƙi ya bi ta tsakar gida ya shiga, yana baƙanta farar ƙasar da muka shafa. Na ce, "Malamin asibiti fa?" Ko kallona ba ta yi ba.

Kafin la'asar haɗin ya yi duhu, ya ɗauki wani ƙamshi da ban taɓa ji ba, kajiji da lemo suna sama, ƙaurin itace da man kifi suna ƙasa. Inna ta kai hanci. Sai ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da mayafi. Da ta tashi ta zuba a tsohuwar ƙwaryar nan da na ce a yar, ta kai ta tura ƙarƙashin gado, ta ɗauko kunu.

Kaka tana kwance idonta a buɗe, tana kallon rufin ɗaki, hancinta yana motsi. Sannan ta juyo wajen Inna ta ce, da Hausa, a hankali, "Ruwa ya janye?"

Inna ta ce, "Ya janye, Iya."

"Kun maido ni."

"Mun maido ki."

Ta buɗe baki. Ludayi bakwai ta sha, ina tsaye ina ƙirgawa. Washegari ta sha fiye da haka, har ta tsotsi ɗan naman tarwaɗa. Ta gane ni, ta ce, "Ƙawata, kin yi baƙi," na yi dariya ina hawaye. Ta aiki Inna ta dubo mata albasa a bayan ɗaki, Inna ta fita ta tsaya a tsakar gida ta dawo ta ce sun yi kyau. Na fara tunanin mun tsira.

Amma jikin ya riga ya yi nisa. A rana ta uku kunun ya fara dawowa. A ta biyar, da safe, bayan Inna ta goge mata fuska, ta cika, ƙwaryar tana ƙarƙashin gadonta. Mata suka ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta tafi hankalinta a kwance. Baba ya ce kwana ne ya ƙare, ko da ta ci tun farko ba za ta wuce ranarta ba. Na yarda da wannan, ni musulma ce. Amma kwana tara ne, kuma na san wanda ya cinye su.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, har ta bar duniya. Abu ɗaya kawai ta yi. Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, ta same ni a tsakar gida ta ce in ɗauko littafin nan. Na ɗauko. Ta ce in nuna mata wurin. Na buɗe na nuna mata layin. Ta ce in nuna mata yadda zai zama in da na rubuta abin da Kaka ta faɗa. Na ɗauki fensir na rubuta a ƙasa, BANDA, a haɗe. Ta daɗe tana duban biyun, tana kai ido sama tana kawowa ƙasa. Sannan ta ɗora yatsanta, wanda jema ya tsaga, a kan ɗan filin da ke tsakanin BAN da DA.

Ta ce, "Wanga wurin da ba komai, shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta rufe littafin ta miƙo mini. Ta ce in je in juya kifi, sun fara ƙauri.